Kiran Da Ya Fito Daga Gurbin Hamma

An tarar da motar Muntaka a tsakiyar hanyar da ta tashi daga Batsari ta nufi Tsaskiya, ƙofofinta a buɗe. Buhunan shinkafa da gishiri da jarkokin manja da ya ɗauko, babu ko ɗaya. Shi kuma yana cikin gero a gefen hanya, rigingine, takalminsa ɗaya a ƙafa.

Shekarar nan ce da aka katse layin waya, aka rufe kasuwannin shanu, aka hana sayar da mai a jarka. Mutanen daji sun ji yunwa, kuma kowa ya san halinsu idan sun ji yunwa.

Aka kira Salmanu mai bin sawu. Shi ake nema idan an kore shanu ko an ɗauke mutum. Dattijo ne siriri, ba ya son magana. Bai kalli gawar sosai ba. Ya zagaya motar, ya tsallaka hanya, ya durƙusa gindin wata tsamiya. An yi ruwa da asuba, ƙasa duk ta jiƙe, amma a nan akwai wuraren zama da suka rage a bushe, da ɓawon rogo a warwatse.

"Ba karo suka yi da shi ba," in ji shi. "Tun kafin ruwa suke zaune nan. Ruwa ya dake su, ba su tashi ba. An yi musu alƙawarin mota."

Najib, ƙanin mamacin, shi ne shugaban 'yan sa-kai na unguwarsu. Idonsa ya yi ja, bindigarsa a kafaɗa.

"Mun san wanda ya yi musu alƙawarin, Baba. Yana hannunmu."

Tun da waya ta mutu, direba ba ya barin Batsari sai an faɗa a oba-oba, rediyon magana na hannu, cewa hanya lafiya. Mai tsaron wannan yankin Hamma ne, Bafulatani mai ruga a bayan Tsaskiya. Da safiyar nan an ji kiransa, ya ce a taho. Muntaka ya taho.

"Ina kuka kama shi?"

"Da ƙafarsa ya zo, wai ya ji harbi. Ya zo ganin aikinsa." Najib ya tofar da yawu. "Mai unguwa ya roƙe mu mu bari sai gobe bayan la'asar. Na ba shi wannan. Ba zan ƙara masa ba."

*

A wani shagon ajiye siminti suka kulle shi. A bakin ƙofa wata tsohuwa na zaune da ƙwaryar fura a rufe da faifai. Asta ce, mahaifiyarsa. Ba a bar ta ta shiga ba, ita ma ba ta tafi ba.

Hamma na jingine da bango, hannuwansa a ɗaure ta baya, leɓensa a fashe.

"Sannu, Hamma."

"Yawwa, Baba Salmanu. Yaya gida? Yaya ƙafar nan taka?"

"Ta yi sauƙi. Ka yi kira yau da safe?"

"Na yi. Na ga sawun babura a bakin rafi, na so in ce kada kowa ya fito. Na kira Gambo, wanda nake gaya wa kullum, har maƙogwarona ya bushe. Ba wanda ya amsa."

"Sun ce an ji ka kana cewa hanya lafiya lau."

"To, Allah ma ya ji ni."

Najib ya leƙo daga ƙofa. "Tambaye shi, Baba. Yana zaune a bakin daji shekara da shekaru, me ya sa ba su taɓa shi ba?"

"Rabin garkena fa, wa ya kore?" Hamma bai ɗaga murya ba. "Baba Salmanu ne ya bi sawunsu har bakin dajin Rugu. Yana nan, ka tambaye shi."

"Ai haka kuke yi. Ku sace wa juna, ku zo ku yi mana kuka."

Da Salmanu ya fito, Asta ta ɗago ƙwaryar da hannu biyu. Ya karɓa, ya koma ciki, ya ba Hamma a baki. Babu wanda ya hana shi.

*

Malam Abdulhakim malamin kimiyya ne, aiki ya kawo shi Batsari. Tun yana ɗalibi yake wasa da rediyon magana, har yana da lasisi. A bayan gidansa akwai doguwar gora da waya a samanta. Da aka katse layi, shi ya haɗa 'yan oba-oban da aka samu, ya raba wa ƙauyuka.

Salmanu ya same shi zaune gaban na'urarsa, a kashe. Ya shimfiɗa taswira a tabarma, an ja mata layuka tsaye da kwance.

"Duniya kaf an yanka ta gurbi-gurbi, Baba, kamar filin dara. Masu irin rediyon nan, ko a wace ƙasa suke, da lambar gurbinsu suke faɗin inda suke. Mu nan JK32OS ne. Farkon lambar duk ɗaya muke da Safana, shi ya sa muka ajiye shi, muke kiran haruffa biyun ƙarshe. Mu O-S. Gambo, can kan dutse a Wagini, O-P. Hamma, O-L."

"Nisan fa, yaya kake gane shi?"

"Kowane gurbi, daga gabas zuwa yamma kilomita tara. Daga arewa zuwa kudu, huɗu da rabi da 'yan kai. Mu ukun nan a layi ɗaya muke, sai ka ƙirga kawai." Ya bi da yatsa. "Daga nan zuwa Gambo gurbi uku, kusan goma sha huɗu. Daga Gambo zuwa Hamma huɗu, goma sha takwas. Daga nan zuwa Hamma bakwai. Talatin da biyu."

"Ɗan oba-oban hannu, ina yake kaiwa?"

"A ƙasa, goma da ƙyar. Idan ɗayan yana kan dutse, ashirin. Shi ya sa Hamma ba ya iso mu. Gambo yake gaya wa, Gambo ya miƙo mana."

"Yau fa?"

Malam ya cire tabarau, ya daɗe yana goge shi.

"Yau kai tsaye ya shigo. Raɗau, kamar yana cikin ɗakin nan. Mutuminmu na Ruma ma ya ji, shi da ya fi mu nisa. Wata safiya bayan ruwa, iska kan ɗauki murya ta kai ta inda ba ta saba zuwa ba. Na karanta, na kuma taɓa gani. Murna na yi, Baba. Muntaka na tsaye nan inda kake, na ce masa ka ji ikon Allah. Ni na ce ya tafi."

"Me muryar ta ce? Faɗa mini yadda ta faɗa."

"O-L ke magana, O-L ke magana. Hanya lafiya lau. Oba. Da karin harshen Fulani ya yi ta."

"Ka san muryar Hamma a rediyo?"

"Ban taɓa ji ba sai yau."

"Gambo bai ce komai ba?"

"Ko tari bai yi ba."

*

Dutsen Gambo na bayan gonarsa, kuma hanya ɗaya ake hawansa, ta wani lungu mai laka. Gambo manomi ne mai surutu, amma ranar surutun ya yi masa yawa. Ya tari Salmanu tun daga bakin gona, oba-oba a rataye a wuyansa.

"Wallahi, Baba, tun da na idar da sallah nake sama. Ban ji Hamma ba, ban ji kowa ba. Abin nan shuuu kawai yake yi, na ce ko ruwa ne ya shiga masa kunne."

Salmanu ya tsaya a bakin lungun, ya kalli lakar.

"Akuya biyu sun hau. Damo ya ratsa. Kai ta ina ka bi? Ko fiffike ka yi?"

Gambo ya yi dariya, dariyar ta mutu a hanya.

"An kira da sunan Hamma," in ji Salmanu. "Kai ne ka fi kowa sanin muryarsa. Kai ne ba ka kan dutse. Kai ne ka yi mini ƙarya. Idan na kai wa Najib wannan, yau za ka kwana cikin siminti."

Gambo ya zube a kan gwiwa. "Don Allah, Baba! Abin ba ya hannuna. Shekaranjiya batirin ya mutu, na kai caji wurin Mannir mai sola. Jiya na koma, ya ce hadari ya hana shi wuta, in dawo yau. Sai da rana na karɓo, a nan na ji labarin Muntaka. Na ce idan aka san na bar dutse babu kowa, ni za a fara kamawa. Matata Hussaina ce ta ce in yi shiru. Ka san mata."

"Bar Hussaina ta huta. Tashi. Yi mini kira yadda Hamma ke yi."

"Hamma? Kafin ya gama gaisuwa batir ya ci rabi." Ya goge fuska, ya kai abin bakinsa, ya siranta murya. "Salamu alaikum. Gambo, jam waali? Yaya Hussaina? Yaya yara? Jakin nan ya warke? Geronka ya fid da kai? To madalla. Ka gaya wa mutanen Batsari ban ga komai ba, sai abin da Allah ya ɓoye. A gai da Malam."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Kullum haka."

Salmanu ya sa shi ya maimaita. Ya saurara da ido a rufe.

*

Washegari da hantsi, ana zaman makoki a gidan su Muntaka, sai guɗa ta tashi a layin baya. Kamila ce ta dawo, 'yar Mannir mai sola, wadda aka ɗauke a gona tun farkon damina.

Mannir kowa ya san shi. Kafin a katse layi, shagonsa cike yake da wayoyi. Yanzu sai fitilu da oba-oban ƙauyuka. Yana tsaye a ƙofar gida yana karɓar barka, yana murmushi, yana share gumi.

"Barka da arziki, Mannir."

"Barka kadai, Baba. Allah ne ya yi. Gudowa ta yi suna barci. Da ƙafa ta ratso dajin nan har gida."

"Allah mai iko. In gan ta in sa mata albarka."

Tana zaune a tsakar gida cikin mata, ta rame, ba ta kallon kowa. Ta miƙe ƙafafu a tabarma. Salmanu ya durƙusa, ya yi mata addu'a. Tafin ƙafarta babu kaushi sabo, babu ƙaya, babu tsaga. A ƙwabrinta na dama akwai ƙuna, ɗanya, mai faɗin tafin jariri.

Ya fito, ya wuce gidan Malam.

"Ka zo da taswirarka zauren mai unguwa. Kafin nan ka bi ta wurin 'yan sanda, ka ce su tsaya kusa."

*

Bayan la'asar zauren ya cika, har waje. An kawo Hamma a ɗaure. Gambo ya raɓe a kusurwa. An kira Mannir a kan shi ke yi wa oba-oba caji. Najib da yaransa sun tare ƙofa.

"Ranka ya daɗe," in ji Salmanu ga mai unguwa, "abu ɗaya nake roƙo. Kowa ya yi mini kira yadda ya san Hamma na yi."

Ya miƙa wa Najib oba-oba a kashe.

"Wasa muka zo yi, Baba?"

"Yi dai."

"O-L ke magana, O-L ke magana. Hanya lafiya. Oba." Ya jefo masa abin.

Malam ya faɗi haka. Wani direba ya faɗi haka. Mannir ya faɗi haka, a hankali, idonsa a ƙasa.

"A kwance wa Hamma hannu," in ji Salmanu.

Aka kwance. Yatsun Hamma sun kumbura, da ƙyar ya riƙe.

"Salamu alaikum. Gambo, jam waali? Yaya Hussaina? Yaya yara?"

"Lambarka!" wani ya daka masa tsawa daga waje. "Faɗi lambarka!"

Hamma ya kalli Malam. "Wace ce ma tawa?"

"Yaudara ce!" in ji Najib. "Yanzu ya manta!"

"Wallahi tallahi bai taɓa faɗinta ba," in ji Gambo, yana miƙewa. "Malam ya koya masa har ya gaji. Ya ce shi ba buhu ba ne da za a rubuta masa lamba. Ni nake liƙa masa ita idan zan miƙo saƙo, don Malam ya ce a riƙa yi. Gaisuwar kuma in yanke, don batir. A kawo Alƙur'ani in dafa."

"Gaskiya ne na koya masa ya ƙi," in ji Malam. "Na ɗauka daga baya ya iya."

Ya shimfiɗa taswirar a ƙasa, ya ɗora yatsa a kan gurbin Hamma, ya zagaye shi.

"Nan muryarsa take ƙarewa. A cikin da'irar nan mutum ɗaya ke da oba-oba, Gambo. Mu duka muna waje. Abin da muke kira kiran Hamma, bakin Gambo ne."

"Wanda ya yi kiran jiya," in ji Salmanu, "ya kwaikwayi karin harshen Hamma, amma kalmomin Gambo ya faɗa. Bai taɓa jin Hamma a rediyo ba. Saboda haka ba Hamma ba ne. Ba Gambo ba ne kuma, don da shi ne, da ya fara da gaisuwa. An ji shi raɗau a nan, an ji shi a Ruma. A garin nan yake tsaye."

Salmanu ya juya ya kalli Najib.

"Oba-oba nawa ne a Batsari jiya da safe? Na Malam, Muntaka na tsaye a kansa. Naka, Najib, kana ina da shi?"

"A shinge, da yarana. Mu ma mun ji kiran."

"Saura ɗaya. Gambo, ina naka ya kwana?"

Gambo ya juya ya kalli Mannir, kowa ya bi idonsa.

"Batirin babu wuta," in ji Mannir. "An yi hadari. Kowa ya gani."

"An yi. Ka ce mini Kamila da ƙafa ta ratso Rugu. Na ga tafin ƙafarta, Mannir. Na kuma ga inda salansar babur ta ƙone ta. Kawo ta aka yi har bakin gari. Mutanen daji ba sa yin rakiya kyauta."

Mannir ya zube ƙasa.

"Mota ɗaya suka ce. Mota ɗaya mai abinci. Sun rantse ba za su taɓa direba ba." Ya ɗago yana kallon mutane ɗaya bayan ɗaya. "Tun farkon damina nake bin ƙofofinku. Kowa ya ce Allah ya fid da ita. 'Yata ce!"

Najib ya sauke bindiga daga kafaɗa. Salmanu ya taka ya tsaya tsakaninsu, bakin bindigar na taɓa rigarsa.

"Jiya ma ka tabbata, Najib. Da mai unguwa bai roƙe ka ba, da yanzu wa ka kashe?"

Najib ya mayar da bakin bindigar ƙasa. Sannan ya juya ya fita, mutane suka dare masa. 'Yan sanda biyu suka shigo ta inda ya fita.

Suna ɗaga Mannir, mai unguwa ya tsai da su.

"Tambaya ɗaya. Duk masu oba-oban nan, me ya sa sai Hamma?"

Mannir bai kalli kowa ba.

"Na san idan shi ne, ba za a tsaya bincike ba."

Babu wanda ya ce uffan.

*

Hamma ya tashi da ƙyar. Ya ajiye oba-oban a gaban Malam, a kan taswirar.

"Hamma, ka yi haƙuri," in ji Malam. "Gurbin nan kai kaɗai ne a cikinsa. Idan ka ajiye, ba mu da ido a bakin daji."

"Na ji abin da ya ce, Malam. Na jira in ji wanda zai ƙaryata shi."

Mai unguwa ya fara ba shi baki. Hamma ya durƙusa ya gaishe shi yadda ya kamata, ya tambayi iyalinsa, ya yi masa sallama. A waje Asta ta kama hannunsa, suka bi ta cikin mutane. Wasu suka ce sannu. Ya amsa wa kowa.

Ranar kasuwa da ta biyo, direbobi suka taru a ƙofar gidan Malam tun da safe, da kaya a ɗaure. Muryar Gambo na fitowa daga na'urar, daga kan dutse.

"Hamma, Gambo ne. Hamma, kana ji na? Hussaina na gaishe ka."

Salmanu ya iso a kan keke, ƙafafunsa duk laka. Rugar Hamma ya je.

"Sun tashi," in ji shi. "Bukkoki a buɗe. Shanun sun yi arewa."

"Ka bi sawunsa mana, Baba," in ji wani direba. "Ka dawo mana da shi. Kai ba ka rasa sawu."

"Sawun ɓarawo nake bi. Wannan bai ɗauki na kowa ba."

"To wa zai ce mana mu tafi?"

Malam ya ƙara wa na'urar murya. Gambo na ta kira. Direbobin suka tsaya suna saurare, kowa da makullinsa a hannu.